Kwaɗon da ke cikin wayarka: abubuwan da ya kamata ka sani kan takunkumin da aka taɓa ƙaƙaba wa manhajar sirri

Da rani, idan aikin gishiri ya kankama a Keana, za ka tarar da mata sun duƙufa. Wannan tana ɗebo ruwan gishiri, waccan tana tace shi ta cikin ƙasa a tukwane, wata tana gaban murhu tana jiran ruwa ya ƙafe farin gishiri ya fito. Sana'a ce da Alago suka gada tun kaka da kakanni. Abin da ya sauya shi ne yadda kuɗi ke shigowa. Mai saye daga Lafiya ba lalle ya zo da damin kuɗi ba. Sai ya ce a karanto masa lambar asusu, ya danna waya, alat ya shigo, a aiki yaro wurin mai POS ya ciro.

Tsakanin danna waya da shigowar alat, saƙon ya ratsa kwamfutocin mutanen da mai gishiri ba ta taɓa gani ba. Abin da ya hana wani a hanya ya karanta shi, ko ya sauya lambar asusun, wani kwaɗo ne da aka ƙera da lissafi. Shekaru talatin da suka wuce, wanda ya fitar da irin wannan kwaɗo daga Amurka ba da izini ba, da dokar safarar makamai ake kama shi. Mu da ke wajen Amurka kuwa, mai rauni aka ware mana, kuma da gangan aka raunana shi. Ya kamata mu san labarin nan, domin kuɗinmu da sirrinmu a kansa suke rataye.

Mene ne kulle saƙo?

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san zaurance. 'Yan mata biyu suna magana a gaban mutane, suna cusa wata gaɓa cikin kowace kalma, wanda bai san dabarar ba ya ji kamar wani yare ake yi. Tushen abin ke nan: a murɗa magana bisa wata ƙa'ida, sai mai ƙa'idar ne zai iya warware ta. Raunin zaurance shi ne, ranar da aka gano ƙa'idar, asiri ya tonu. Tun a ƙarni na 9 malamin nan na Bagadaza, Al-Kindi, ya bayyana yadda ake kwance rubutun sirri ta hanyar ƙirga haruffan da suka fi yawan fitowa.

Masanan zamani sun sauya salo. Ba sa ɓoye ƙa'idar, baza ta suke yi kowa ya gwada ƙwanjinsa a kanta. Abin da ake ɓoyewa shi ne makulli, wato wata doguwar lamba. Da wani ma'auni mai suna bit ake auna tsawonsa, kuma duk bit ɗaya da aka ƙara yana ninka wahalar ɓarawo sau biyu. Idan makulli mai bit 40 ne, makullan da ɓarawo zai gwada sun ɗan haura tiriliyan ɗaya, abin da tarin kwamfutoci ke gamawa cikin sa'o'i. Idan mai bit 128 ne, adadin yana da gurabe 39 in an rubuta shi, kwamfutocin duniya gaba ɗaya ba za su ƙure shi ba. Riƙe waɗannan lambobi biyu, 40 da 128, domin a kansu aka yi dambarwar.

Kwaɗon da ake rabawa a buɗe

A da, mutum biyu da za su yi saƙon sirri dole su haɗu tukuna su raba makulli, ko su aika amintacce ya kai. Bankin da ke da miliyoyin masu ajiya ba zai iya haka ba. A 1976 Whitfield Diffie da Martin Hellman na Jami'ar Stanford suka wallafa hanyar da baƙi biyu za su yarda a kan makulli ba tare da sun taɓa haɗuwa ba. A 1977 Ron Rivest da Adi Shamir da Leonard Adleman na jami'ar MIT suka fito da tsarin da aka laƙaba wa haruffan farko na sunayensu, RSA.

Ka ɗauka wani attajiri a Lafiya ya raba kwaɗuna buɗaɗɗu ga duk mai so, amma makullin yana aljihunsa. Ka sa takarda a akwati, ka danna kwaɗo ya rufe. Ko kai da ka rufe ba ka iya buɗewa, balle direban da ka ba saƙon. A lissafi ga yadda abin yake. In aka ce maka 89 sau 97, nan take za ka ce 8,633. In kuwa 8,633 aka miƙo maka aka ce nemo lambobi biyun da suka haife ta, sai ka yi gumi. RSA ɗin da ake aiki da shi yau yana amfani da lamba mai gurabe sama da 600. Da irin wannan lissafi ne ɗan ƙarfen da ke jikin katin bankinka yake shaida wa na'urar POS cewa shi ba na jabu ba ne.

Wani masanin lissafi a hukumar leƙen asirin Birtaniya, Clifford Cocks, ya riga ya gano kusan wannan dabara tun 1973, amma aka rufe maganar sai a 1997. Gwamnatoci sun daɗe suna ganin ilimin nan nasu ne su kaɗai.

Shinge na farko: takardar mallakar ƙirƙira

Idan mutum ya ƙirƙiro abu, hukuma tana ba shi takarda da ke hana wani yin amfani da ƙirƙirarsa sai da izininsa, na wasu shekaru. A Najeriya, dokar 1970 ta sa wa'adin ya zama shekara 20. A Amurka ta wancan zamani shekara 17 ne daga ranar da aka ba da takardar. An ba RSA tasa a Satumban 1983. Daga nan har zuwa 2000, duk mai son sa RSA cikin hajarsa a Amurka sai ya nemi lasisi. Haka ita ma dabarar Diffie da Hellman ta kasance a ɗaure har 1997.

Takardar mallaka iyakarta ƙasar da ta bayar da ita, don haka ta RSA ba ta hau kan Najeriya ba. Amma da yake yawancin manhajojin da duniya ke amfani da su daga Amurka suke fitowa, ɗaurin ya shafi kowa. Waɗanda suka fi jin jiki su ne masu rubuta manhaja kyauta don amfanin jama'a, domin wanda ba ya sayar da kaya ba shi da inda zai ciro kuɗin lasisi. Shi ya sa Werner Koch na Jamus, da ya fara GnuPG, manhajar kulle saƙo ta kyauta, a 1997, ya kauce wa RSA da wani tsarin mai suna IDEA da shi ma yake da masu shi. A ranar 6 ga Satumban 2000, makonni biyu kafin wa'adi ya cika, kamfanin da ke riƙe da RSA ya sake shi ga kowa.

Duniya ta ɗauki darasi. Da Amurka ta tashi neman sabon tsarin kulle bayanai, sai ta buɗe gasa a 1997, da sharaɗin cewa wanda ya yi nasara kowa zai yi amfani da shi ba biyan ko kwabo. 'Yan Beljiyam biyu, Joan Daemen da Vincent Rijmen, suka ci gasar a 2000. Tsarinsu, AES, shi ne yake kulle bayanan da ke cikin wayoyin zamani har yau.

Shinge na biyu: lissafi a jerin makamai

Wannan ya fi na farko tsauri. Tun zamanin yaƙin cacar baka Amurka ta sa na'urori da manhajojin sirri a jeri ɗaya da bindigogi da makamai masu linzami. Hujjarta ita ce, idan abokan gaba suka samu kwaɗo mai ƙarfi, masu leƙen asirinta za su kurumce. Da kamfanoni suka matsa, sai a 1992 aka sassauta, aka ce ana iya fitar da mai bit 40. Shi ya sa Netscape, manhajar da aka fi shiga intanet da ita a lokacin, ta fito kala biyu: mai bit 128 ta 'yan gida, mai bit 40 ta sauran duniya.

Ba a daɗe ba raunin ya fito fili. A 1995 wani ɗalibi a Faransa, Damien Doligez, ya fasa saƙon da aka kulle da bit 40 cikin kwana takwas. A 1997 Ian Goldberg na Jami'ar Kalifoniya ya fasa wani makulli mai irin wannan tsawo cikin sa'a uku da rabi. Akwai ma abin da ya fi haka. Kamfanin Lotus ya sayar wa ƙasashen waje manhajar wasiƙu mai makullin bit 64, amma an tsara ta yadda hukumar leƙen asirin Amurka ke iya samun bit 24 daga ciki. Ma'aikatun gwamnatin Suwidin suna cikin masu amfani da ita lokacin da maganar ta fasu a 1997.

Waɗanda suka ce ba su yarda ba

A 1991 Phil Zimmermann ya rubuta PGP, manhajar kulle wasiƙa, ya bayar kyauta. Da ta bazu a intanet har ƙetare, sai a 1993 hukuma ta buɗe masa binciken laifin fitar da makami, ga kuma masu RSA suna cewa ya shiga gonarsu. Shekara uku ana abu ɗaya, a Janairun 1996 aka rufe binciken ba tare da an gurfanar da shi ba.

A cikin wannan tsaka mai wuya aka gano wata kafa. Tsarin mulkin Amurka ya kare littafi, ba a hana fitar da shi. A 1994 wani injiniya, Phil Karn, ya nemi izinin fitar da wani littafin koyar da ilimin sirri, aka ce ya halatta. Ya nemi izinin fitar da faifan kwamfuta mai ɗauke da rubutun manhajar da ke cikin littafin nan dai, aka ce makami ne. Sai mutanen PGP suka buga rubutun manhajarsu a matsayin littafi, aka yi jigilarsa zuwa Turai, masu sa kai suka kwafe shi shafi bayan shafi suka mayar cikin kwamfuta. A kotu kuma, ɗalibi Daniel Bernstein ya kai ƙarar gwamnati a 1995, alƙaliya Marilyn Patel ta yanke a 1996 cewa rubutun manhaja magana ce, kuma 'yancin faɗin albarkacin baki ya kare shi.

Kasuwa ma ta yi nata. Aikin ya yi hijira zuwa inda doka ba ta kai ba. A Ostireliya aka rubuta manhajar kulle bayanai da ta zama OpenSSL, daga Kanada aka fito da wata mai suna OpenSSH. Kamfanonin Amurka suka ga ciniki yana suɓuce musu. A ƙarshen 1996 Shugaba Bill Clinton ya ɗauke manhajojin kasuwanci daga jerin makamai ya mayar ƙarƙashin ma'aikatar ciniki, a Janairun 2000 kuma aka sassauta dokar ƙwarai.

Ina abin ya taɓa mu?

Ta fuska ɗaya mun taki sa'a. Wayar salula ta GSM ta fara aiki a Najeriya a Agustan 2001, shekara ɗaya bayan shingayen biyu sun faɗi. Kafin harkar banki ta koma cikin waya, kwaɗo mai ƙarfi ya riga ya zama na kowa kuma kyauta. Da ba haka ba, da kuɗin lasisi ya hau kan kowane ciniki, da kuma asusun talaka ya kwana da ƙofar kara.

Amma ba mu tsira gaba ɗaya ba. Tsarin wayar salula da Turai ta ƙera ya zo da kwaɗo iri biyu na kulle kira, A5/1 da A5/2, na biyun an rage masa ƙarfi ne don ƙasashen da za a sayar wa. Da masana suka tono shi a 1999, cikin wata ɗaya suka fasa shi, kuma sai tsakanin 2006 da 2007 aka hana sa shi a sababbin wayoyi. A 2021 masu bincike daga Jamus da Faransa da Nowe suka nuna cewa GEA-1, kwaɗon da ke kare data a tsohon layin 2G, an ce bit 64 ne amma ƙarfinsa na gaskiya 40 ne. Hukumar da ta tsara shi ta amsa cewa dokokin fitar da kaya na wancan lokaci ta bi.

Gwamnatocinmu ma sun sha. A Fabrairun 2020 aka fallasa cewa kamfanin Crypto AG na Suwizalan, wanda ya sayar wa ƙasashe fiye da 120 injinan kulle saƙon gwamnati, tun 1970 mallakar hukumomin leƙen asirin Amurka da Jamus ta Yamma ne a asirce. Najeriya tana cikin masu saye. An ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma waɗannan ƙasashe tulu suka biya aka miƙa musu rariya. Da wuya su gane, tunda injin a rufe yake.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe

Mutanen Keana, da Doma da Awe suke maƙwabtansu, ba sa bukatar a fassara musu karin maganar nan. Kwaɗon da aka raunana don baƙi ya dawo ya ci masu gida. Bayan an sassauta dokar, tsofaffin makullai masu rauni sun ci gaba da zama cikin manhajoji, an manta da su. A Maris 2015 masu bincike suka nuna cewa ɓarawo yana iya yaudarar waya da shafin intanet su koma ga tsohon makullin, sannan ya fasa shi cikin sa'o'i da kuɗin da bai wuce dala ɗari ba. Fiye da sulusin shafukan da ake ɗauka amintattu abin ya shafa, har da na Fadar White House da na ita kanta hukumar leƙen asirin Amurka. Bayan wata biyu aka sake gano wata ɓarakar mai irin wannan asali. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsaga ba ta tambayar wanda ya zo, ɗan sanda ne ko ɓarawo.

Takunkumin ya ƙare ke nan?

Da saura. Ƙasashe 42 suna cikin yarjejeniyar Wassenaar ta 1996, wadda ta jera kayan da ake sa wa ido wajen fitarwa, har da na kulle bayanai. Afirka ta Kudu ce kaɗai 'yar Afirka a ciki. Mu ba ma wurin da ake tsara ƙa'idar, amma kayan da muke saye a ƙarƙashinta suke fitowa. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Lafiya da ya rubuta manhaja yana son sa ta a kantin Apple, sai ya amsa tambaya ko tana kulle bayanai, saboda dokar fitar da kaya ta Amurka. 'Yan'uwanmu Hausawan Sudan sun ɗanɗana abin da ya fi haka: takunkumi ya daɗe yana toshe musu manhajojin Amurka, sai a 2015 aka sassauta kan na sadarwar yau da kullum.

Batun mallaka ma yana dawowa. Da ake shirya sababbin kwaɗunan da za su jure wa kwamfutocin gaba masu tsananin ƙarfi, sai da hukumar ma'auni ta Amurka ta sasanta da masu takardun mallaka kafin ta fitar da su kyauta a Agustan 2024.

Me dokar Najeriya ta ce?

Dokokinmu suna ja ta fuska biyu. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa bankuna da asibitoci da kamfanoni nauyin tsare bayanan mutane, ta kuma ambaci kulle su cikin hanyoyin yin haka. A ɗaya gefen, dokar laifukan intanet ta 2015 ta ba jami'an tsaro damar kwance bayanan da aka kulle in sun samu takardar kotu, ƙa'idojin da hukumar sadarwa ta NCC ta fitar a 2019 kuma sun wajabta wa kamfanonin waya miƙa makullin da ke hannunsu idan hukuma ta nema.

Damuwar jami'an tsaro gaskiya ce. Duk wanda aka taɓa sace masa ɗan'uwa aka riƙa kiransa ana cinikin kuɗin fansa ya san darajar bin sawun waya. Bin wanda ake zargi da izinin alƙali abu ne da hankali ya yarda da shi. Abin da tarihi ya nuna bai yi ba shi ne huda kwaɗon kowa don a kama mutum ɗaya. Amurka ta gwada a 1993 da wata na'ura mai suna Clipper, wadda gwamnati za ta riƙe kwafin makullinta. Cikin shekara ɗaya wani masani, Matt Blaze, ya gano aibi a tsarin, zuwa 1996 maganar ta mutu. Duk ranar da aka kawo irin wannan shawara a majalisarmu, wannan tarihi ya kamata a ajiye a gabansu.

Abin da ke hannunka

Tun Afrilun 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke tafiya daga wayarka har wayar wanda ka tura wa. Saƙon tes da lambobin da ake dannawa da tauraro a ƙaramar waya ba su da irin wannan kariya, don haka ka sa wa layinka lambar sirri, kuma in waya ta ɓata ka rufe layi da asusu a ranar. Ka guji WhatsApp na jabu irin su GB da ake tura wa juna a wurin cajin waya, domin ba ka san wanda ya ƙera shi ba, kuma labarin Crypto AG ya isa ishara. Idan waya ta nemi a sabunta ta, ka yarda, ta nan ake toshe ɓaraka irin ta 2015. Sannan mafi yawan asusun da ake kwashewa a garuruwanmu ba fasa kwaɗo aka yi ba. Kira aka yi da murya mai taushi, aka ce daga banki ne, mai asusu ya karanto lambobin da aka turo masa da bakinsa. Ko wane ne, kada ka bayar.

Sauran aikin na jami'o'inmu ne, na Lafiya da Keffi da Zariya da Kano. Ilimin da aka taɓa kira makami yau yana cikin littattafai a buɗe, ba a bukatar komai sai lissafi da naci. Zanen aro ba ya rufe katara. Ƙasar da ba ta da masu iya buɗe manhaja su duba cikinta, abin da aka miƙo mata za ta karɓa. Matan Keana ba sa sayen gishiri a rufe, domin sun san shi tun yana ruwa. Ranar da 'ya'yansu suka san kwaɗon da ke tsare kuɗin iyayensu irin wannan sani, ba mai sake sayar mana da rariya.